Saitin jirgin rimot mai alkafura: abun da zaka gyara kafin ka zargi hannunka

Wata Lahadi da sassafe muna fili can wajen Ibeju, wani ƙanenmu da ke sana'ar waya a Agege yazo da sabon jirginsa, Extra 300 na fom, faɗin fiffike wajen mita 1.2, ja da fari, sai murna yake. Wata shida yayi yana tuƙa jirgin koyo mai fiffike a sama har hannunsa ya faɗa. Ya tada wannan, ko minti ɗaya baiyi ba sai naji yana kira, "Yaya zo ka karɓa don Allah, wallahi jirgin nan baya jin magana!" Na karɓa na lallaɓa na sauke masa. Da muka duƙa muka duba, elebeta, wato ɓangaren jela mai ɗaga hanci da sauke shi, na tafiya kusan digiri 40 sama da ƙasa, babu eksfo mai tausasa sandar rimot ko kaɗan, batir kuma ya zame baya don abun da ya ɗaure shi dashi bai kama ba. Nace masa ai jirginka jin maganar ne ma ya masa yawa.

Toh shine nace bari in zauna in rubuta abun da nake ta maimaita wa yara a fili, don kusan duk wanda ya baro jirgin koyo ya hau na alkafura sai ya sha wannan wahalar, kuma kayan nan da dala muke odarsu, mu jira sati uku ko wata kafin su iso, ba abun da za'a riƙa fasawa bane a banza.

Ka fara gane halin dabbar da ka siyo. Jirgin koyo fiffikensa na sama, an ɗan ɗaga bakinsu kamar harafin V mai faɗi, ƙasan fiffiken kuma a shafe yake, shi yasa in ka karkata shi ka saki sanda yake ƙoƙarin komawa daidai da kansa. Su kuwa irinsu Extra da Bajamushen nan Walter Extra ya ƙera na gaskensa, da Edge 540 da Yak-54, fiffikensu a tsakiyar jiki yake, miƙe sak, sama da ƙasansa kumburi iri ɗaya, don a samu ya tashi a rigingine kamar yadda yake tashi a tsaye. Inda ka ajiye shi nan zai zauna. Ka karkata shi digiri 30 ka saki, a haka zai cigaba har ya iske ƙasa. Duk abun da yatsanka yayi zai yi, har rawar hannun da kai baka san kana yi ba. Saboda haka yawancin abun da muke cewa mugun hali na jirgi, a saiti yake, kuma saitin yana da jeri: ƙarfe da rodi tukuna, sannan nauyi, sannan fuskar inji, miks na rimot, wato sa motsi ɗaya ya ja wani tare dashi, shine na ƙarshe. In ka fara ta ƙarshe zaka yi ta zagaye ne kamar wanda ya ɓata a Oshodi.

A kan tebur ake farawa, kuma kafin komai cire farfela. Na san zaka ce ai totur na ƙasa, cire dai. Juya cannel ɗaya a rimot bisa kuskure ya isa injin ya tashi da cikakkiyar wuta a cikin ɗaki, farfelar nan kuma yanka take kamar wuƙar mahauci.

Buɗe sabon model a rimot, kar ka kwafi na jirgin koyo. Duk tirim da sab-tirim, wato ƙananan gyaran daidaito na rimot, su koma sifili, ka kunna, ka bar kowane sarbo, ɗan injin da ke tura rodi, ya tsaya a tsakiyarsa, sannan ka ɗora hannun sarbon yadda zai yi kwana 90 da rodin da yake turawa. In bai zauna daidai ba cire ka juya shi ta ɗaya gefen ka gwada, haƙoran ba lallai suyi daidai ta ko'ina ba, sau da yawa juyin ma ya wadatar. Ɗan abun da ya rage shi zaka cike da sab-tirim, kaɗan fa. Shi kuma eleron, wato ɓangaren bayan fiffike mai mirgina jirgi, ko elebeta, da murɗa kan rodi ake kawo shi daidai da fiffike, ba da maɓallin rimot ba. Ni ruler nake ɗorawa in haska da tocilan waya ta ƙasa in ga ko haske na wucewa. In elebetarka gida biyu ce kowanne da sarbonsa, manna tsinken tsire ɗai-ɗai da salatef a kowane ɓari, bakinsu ya haɗu a bayan jela, ka ja sanda a hankali daga ƙasa har sama kana kallo, in wani tsinken ya riga ɗan'uwansa toh duk lokacin da ka ja jirgin zai riƙa murɗewa gefe, kai kuma kana ta zargin iska.

Sai ramukan da ake saƙala rodi. A hannun sarbo, ramin da ke kusa da tsakiya yana rage tafiya ya ƙara ƙarfi, a ƙahon da ke jikin elebeta kuma ramin da ke can waje shi ke yin haka. Kuskuren da nafi gani shine mutum ya saƙala a ramin ƙarshe na sarbo, tafiya tayi yawa, sai ya shiga rimot ya rage ta zuwa kashi 40. Jirgin zai tashi, amma ka zubar da ƙarfin sarbo da laushinsa, kuma duk wani girgiɗi ka ninka shi. Gyara a rami, ka bar lambar rimot kusa da 100. Sannan ramin ƙahon ya kasance saitin layin hinjis, in ya kauce gaba ko baya zaka ga sama tafi ƙasa tafiya. Kama bakin elebeta da yatsa biyu ka girgiza rimot na kunne, in kaji ƙwas-ƙwas nemo inda yake. Girgiɗin nan shi ke kawo karkarwa in jirgi ya zuro da gudu, zaka ji wani bzzzz daga sama, daƙiƙa biyu ta isa ta cinye haƙoran sarbo ko ta yage hinjis. In kaji wannan ƙarar sauke totur nan take ka sauko. Ratar da ke tsakanin fiffike da eleron ma like ta da farin salatef ta ƙasa, kuma kowane bakin rodi a zura masa ɗan guntun tiyo ya matse shi kar ya buɗe a sama.

Mu nan Legas akwai ƙarin aiki da na Kano basu dashi sosai. Iskar teku gishiri gareta, rodi da noti da boris ɗin inji tsatsa suke yi da wuri, damina kuma raɓa na shiga katakon balsa ya lanƙwashe, ledar da aka lulluɓe shi da ita ta saki. Jirgin da ka tirima tsaf a watan Janairu, ka ɗauko shi a Yuni kaga yana ja gefe ɗaya. Kafin ka taɓa rimot tsaya bayan jela ka runtse ido ɗaya ka hango fukafukan biyu, ko ɗaya ya murɗe. Na fom kuma kar ka bar shi a but ɗin mota cikin goslo da rana, zafi na kumbura shi ya lanƙwasa eleron, batir ɗin LiPo ma baya son wannan zaman.

Yanzu alkibla. Tsaya a bayan jirgi kamar kai ne matuƙi a ciki. Yawancinmu Mode 2 muke amfani dashi, hagu totur da roda, wato ɓangaren jela mai juya hanci hagu da dama, dama kuma eleron da elebeta. Tura sandar dama zuwa dama: eleron na dama ya ɗaga sama, na hagu ya sauka. Ja ta baya: elebeta ta ɗaga. Roda dama: bakinta ya tafi dama. Wannan gwajin ba na ranar farko bane kawai, kowane tashi ne, kuma da baki zaka faɗa, "dama, na dama sama". Wanda kawai ya kaɗa sanda yaga abu na motsi ya tashi, ranar da eleron ya juye jirgin baya kai daƙiƙa biyar. In akwai jairo a ciki, na'urar da ke daidaita jirgi da kanta, irin su AS3X na Spektrum, shima alkiblarsa daban ake dubawa: ɗaga fiffiken dama da sauri, eleron na dama ya kamata ya ɗaga don ya maida shi. Ka saita makullin totur a wani suwic, ka saita felsef yadda in sigina ta yanke injin zai mutu, ka gwada ta hanyar kashe rimot tun farfela bata jiki.

Toh mu zo kan ret, wato iyakar tafiyar elebeta da eleron da roda, da kuma eksfo, inda ƙanen nan namu ya faɗa. Manyan elebeta da eleron da kake gani a jirgin nan anyi su ne don wasan 3D, wato tsayuwa kan jela da tafiyar hawainiya hanci a sama, lokacin da iska bata gudu kan fiffike sai wadda farfela ke hurawa, nan ake buƙatar digiri 40 zuwa 45. A tashi na yau da kullum wannan tafiyar guba ce. Saita ƙaramin ret a suwic: elebeta kamar digiri 10 zuwa 12, eleron 15 zuwa 20, roda 25 zuwa 30, in takardar jirginka ta bada nata lambobin bi nata. In baka da ma'aunin digiri, akwai manhajar awon kwana a waya, ko ka auna da ruler a milimita a wuri mafi faɗi. Eksfo kuma laushi yake saka wa tsakiyar sanda ba tare da ya rage ƙarshenta ba. A ƙaramin ret kashi 25 zuwa 30 ya isa, a babba 50 zuwa 70. Amma hattara da alamar: a Futaba lambar ragi ce ke kawo laushi, a Spektrum da rimot masu EdgeTX irin su RadioMaster lambar ƙari ce. In ka saka ta baibai ka ƙara wa tsakiya kaifi kenan. Kar ka yarda da lamba, motsa sanda kaɗan ka kalli elebeta da idonka, in ta zabura toh ka juya.

Ni a ra'ayina eksfo mai yawa a ƙaramin ret cuta ne. Na ga masu saka 60 don tsoro, sai jirgi ya zama kamar baya amsawa a tsakiya, mutum ya ƙara turawa, ya faɗa wajen ƙarshen sanda inda laushin ya ƙare, jirgi ya fizge. Gara ka rage tafiyar kanta. Kuma duka ret ɗin ka haɗa su a suwic ɗaya, kar ya zama kana lalube uku a sama.

Maganar nauyi, wato si-ji, wurin da nauyin gaba da na baya ke daidaita, nan zan daɗe don rabin halin jirgi a nan yake. Takarda zata baka wuri, yawanci tsakanin kashi 25 zuwa 33 na faɗin fiffike daga gabansa. In fiffike mai faɗi ɗaya ne santimita 24 misali, kashi 25 shine santimita 6, kashi 33 kusan 8. In mai tsukewa ne zuwa baki bi lambar takarda a inda tace a auna. Saka alama da maka, saka batir, rufe komai kamar za'a tashi, ɗaga da yatsu biyu. Tashin farko tsaya a gaban iyakar, hanci ya ɗan rinjaya kaɗan. Mai nauyin hanci yana tashi da nauyin jiki amma yana dawowa gida, mai nauyin jela kuwa ba kullum ba.

Yatsa dai kusa yake kai ka, sama ce ke faɗin gaskiya. Bayan ka tirima shi yana tafiya sak a wajen kashi biyu cikin uku na totur ba hannu, ɗaga shi ya hau a kwana 45, mirgina shi rabi ya koma rigingine, ka saki sanda. In hanci ya faɗo da sauri, nauyi yayi gaba. In ya cigaba da layinsa na ɗan lokaci sannan ya fara saukowa a hankali, nan nake so, nan zaka ji daɗin alkafura mai tsafta. In ya miƙe baya saukowa, wannan na masu 3D ne. In kuwa ya fara hawa da kansa a rigingine, sauko ka tura batir gaba, yayi baya da yawa. Sauran alamu: mai nauyin hanci yana zubar da kai a kwana, yana shigowa sauka da gudu, elebeta ta ƙare maka kafin taya ta taɓa. Mai nauyin jela kana rage wuta sai ya ɗaga kai yana lilo, elebeta tayi kaifi ko ka rage ta. Matsa batir milimita 5 kawai a kowane gwaji, ka sake tirim, ka sake gwadawa, in ka samu wurin ka ja layi da maka a jikin tiren batir. Kuma belt biyu, ba manne kaɗai ba.

Akwai kuma nauyin gefe da mutane ke mantawa. Ɗaya ya riƙe bakin shaft, ɗaya ya tallafi ƙasan jela, ku ɗaga. Fiffiken da ke faɗuwa kullum shine mai nauyi, sai a manna ɗan noti ko kusa a bakin ɗayan. A sama zaka gane shi in ka tirima eleron ya tafi daidai a tsaye amma a rigingine yana mirginawa, ko duk lokacin da ka ja sanda yayi zobe a sama fiffike ɗaya ke faɗuwa.

In nauyi ya zauna sai fuskar inji. Farfela in ka kalle ta daga baya juyin agogo take, jikin jirgi kuma yana son juyawa hagu, iskar da take murɗawa tana dukan jela ta hagu ta karkata hanci hagu. Shi yasa masu ƙira ke karkata inji dama kamar digiri 2 zuwa 3. Gwajin: fuskanci iska, fukafukai a daidaice, cikakkiyar wuta, ja shi ya miƙe sama sak ka saki roda. In yana zamewa hagu yayin da gudu ke raguwa, ƙara washa ɗaya siririya a bayan kafar inji ta hagu, hagun matuƙi, shaft zai kalli dama. In dama yake zuwa rage. Na sama da ƙasa kuma: tafi a miƙe da cikakkiyar wuta ka yanke totur farat ɗaya. In ya ɗaga kai, injin ya kalli ƙasa da yawa. In ya dulmiya nan take, yana son a ƙara sunkuyar dashi. In ya cigaba a miƙe yana saukowa sannu, bar shi haka. Ka tuna in ka canza girman farfela wannan awon na iya canzawa.

Abu ɗaya ake canzawa a tashi ɗaya. Ni ƙaramin littafi nake ajiyewa a akwatin kaya, in rubuta "batir gaba 5, washa ɗaya hagu", don in ka canza uku lokaci guda ya gyaru ko ya lalace baka san wanne yayi aikin ba. Kuma da sassafe ake wannan aikin, daga an idar da asuba ka kama hanya, don in rana ta ɗaga iskar teku ta taso daga kudu maso yamma ba zaka bambance laifin jirgi da na iska ba.

Sai yanzu muka iso miks. Sa jirgi a kaifin wuƙa, wato ya kwanta a gefe fiffike ɗaya sama ɗaya ƙasa, kana riƙe hanci da roda. Kusan kowane jirgi zai nuna hali biyu: ko ya ja wajen ciki ko wajen rufin matuƙi, sannan ko ya nemi cigaba da mirginawa ko ya nemi komawa. Miks biyu ke magance su, roda zuwa elebeta da roda zuwa eleron. Fara da kashi 3 zuwa 5, kowane gefe nasa daban don da wuya hagu da dama su zo ɗaya, ka ɗora a suwic har ka tabbatar baka saka shi baibai ba. In ka ga kana neman wuce kashi 15, tsaya, matsalar ba ta miks bace, koma kan nauyi. Dalilin da yasa nace shine na ƙarshe kenan: in ka matsa si-ji baya dole ka tirima elebeta ƙasa, jirgin kuma ya ƙara ja wajen ciki a kaifin wuƙa, duk lambobin da ka sha wahalar samu sun tashi a banza. Akwai wani ƙaramin miks da nake so, totur zuwa elebeta: in ka kashe wuta ka zuro da kai ƙasa sak, yawanci yana fita wajen rufi a hankali, kashi 1 ko 2 na elebeta ƙasa a ƙarshen totur na ƙasa na gyara shi. Bambancin eleron kuma, wato na sama yafi na ƙasa tafiya kaɗan, sai in mirginarka na yin lilo kamar igiyar da aka murɗa, kuma sai kowane eleron na da cannel nasa. Mai FlySky FS-i6 kar ya karaya, miks ɗinta kaɗan ne amma sun isa waɗannan na kaifin wuƙa.

Saura halin da yafi cin jirage, sinaf, wato fiffike ɗaya ya daina ɗauka farat ɗaya jirgi ya juye. Wannan ni ya ci min jirgi, kuma har yau ina jin ranar a ƙirjina don wata huɗu nayi ina tara kuɗinsa. Ina kwanar ƙarshe zan sauka, na kashe wuta gaba ɗaya kamar yadda na saba da jirgin koyo, naga zan wuce layi sai na ƙara karkata na ja elebeta. Ban ga wani gargaɗi ba, fiffiken hagu ya faɗi, jirgi ya juya ciki sama ya soki ƙasa daga tsayin da bai wuce bene biyu ba. Da na isa hancin ya shige har wajen fiffike, batir ya lanƙwashe yana ɗumi, sai da na kai shi nesa na ajiye kan yashi. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya dafa ni yace, "Ɗana, ba gudu ne ya kashe shi ba, jan da kayi ne."

Gaskiya ya faɗa. Fiffike yana daina ɗauka ne in kwanar da yake fuskantar iska ta wuce iyaka, kuma da elebeta ake kai shi can, ko a hankali kake ko da gudu. Fiffike mai tsukakken baki kuma bakin ne ke fara saki, ɗaya ya riga ɗaya, shine juyin. Saboda haka tun tashin farko hau sama sosai, inda ko kayi kuskure uku akwai sauran wuri, rage wuta, riƙa jan elebeta a hankali har ya saki, ka ga yadda yake yi da gefen da yake faɗawa. Maganinsa saki ne: maida sanduna tsakiya, bar hanci ya sauka ya samu gudu, ƙara wuta, daidaita fukafukai, sannan ka ja a hankali. Hannu zai so ya ƙara ja don ƙasa na matsowa, wannan jan shi ke kawo sinaf na biyu. Bayan haka gwada a ƙaramin ret da matsakaicin gudu ka ja sanda har ƙarshe, in ya fizge ya juya, rage elebeta kaɗan kaɗan har ya zama zobe yake yi matsattse ba tare da ya saki ba. Wannan ret ɗin dashi zaka riƙa sauka.

Saukar kanta da 'yar wuta ake shigowa. Farfelar jiragen nan babba ce, in ka kashe totur birki take zama, gudu ya zube da wuri. Yi kwana mai faɗi, ka miƙe tun daga nesa, totur ke ƙayyade saukowa, elebeta ke riƙe hanci, sai taya ta kusa taɓawa ka ƙarasa kashewa. In shigowar bata yi ba ƙara wuta a hankali ka zagayo, kar ka banka ta lokaci ɗaya yana tafiyar hawainiya don zai murɗe hagu. Haka wajen tashi, tayar baya gare shi, riƙe elebeta sama yayin da kake gangarawa, ƙara wuta sannu, ka sassauta elebeta jela ta ɗaga, yatsanka na kan roda dama don zai nemi hagu. In iska na bugowa ta gefe faffaɗan jikin nan da babbar roda zasu juya hancinsa cikin iskar, roda ce maganin, shi yasa nake cewa duk wanda ya saba barin hannun hagu na barci ya koma similato, wato manhajar koyon tuƙi a kwamfuta, PicaSim kyauta ce, RealFlight kuma in da hali, yayi sati biyu yana tada shi.

Kar ka manta sarbo huɗu masu ƙarfi in suka motsa tare suna jan wuta sosai, in BEC, wato abun da ke basu wuta daga cikin ESC mai sarrafa gudun inji, ƙarami ne, risiba mai karɓar sigina na iya ɗaukewa na ɗan lokaci. A ƙasa kaɗa duka sanduna da sauri na rabin minti ka ga ko wani abu zai tsaya. Batir kuma sel ɗaya cikakke 4.2 ne, saita agogo minti 4 ko 5 da farko, ka sauko ka auna, in kana samun wajen 3.7 zuwa 3.8 a kowane sel lokacinka yayi daidai.

Wurin tashi, don Allah 'yan'uwa na Agege da Ikeja da Mafoluku, kuna gindin filin jirgin Murtala Muhammed ne, ko a filin ƙwallon unguwa kar ku gwada. Haka kusa da bariki ko kan mutane ko kan titi. Hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama a Najeriya tana da dokoki kan jirage marasa matuƙi, ku nemi sanin abun da ya shafe ku kafin ku fita. Mu dai wajen gari muke nufa, ɓangaren Epe ko Badagry ko bayan Ikorodu, mu nemi izinin masu wurin, mu tsaya rana na bayanmu. Lokacin hunturu in hazo ya sauko farin jirgi ɓacewa yake a ido, manna baƙaƙen layuka masu faɗi a ƙasan fiffike don ka bambance ciki da baya, kuma kar ka yi nisa.

Shi ƙanen namu a ranar muka maida rodin elebeta ramin ciki na hannun sarbo, muka saukar da ita digiri 12, eksfo 30, batir gaba da belt biyu. Ya sake tashi hannunsa na rawa, ya zagaya sau uku, ya ja zobe ɗaya, ya sauko da 'yar wutarsa taya biyu suka taɓa tare. Sati mai zuwa zamu duba fuskar injinsa, na ce ya taho da washa sirara guda huɗu da littafin rubutu.